Giginyar Gwamma

Aminiyata Bilhatu, ranar Lahadin da ta wuce kin riƙe mini hannu a ƙofar majami'a, kin tambaye ni abin da ya sa na yi kuka a taro, lokacin da samari suka ce a sare giginyar nan da ta fito ta cikin ginin majami'a domin a buga kwano. Na ce miki wani abu ne ya faɗa mini a ido. Ba haka ba ne, ke ma kin sani. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauko takarda. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban shiga aji ba, da yatsa na yi ta bin baƙaƙen littafin waƙoƙi har Allah ya buɗe mini su. Shekara goma sha tara kina aure a Rafin Ranau, abin da kowa ya sani kin ji shi. Yau zan ba ki wanda ba kowa ya sani ba.

A can da, tun ana auna tafiya da kwana, wannan wuri da muke noma kurmi ne wanda ko Fulani ba sa ratsawa da shanu. Giwa tana shan ruwa a inda kasuwa take ci yanzu. A wancan zamani aka yi wani maharbi Bamaguje mai suna Ranau ɗan Kwasau. An ce dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, kuma sai ƙarti biyu suke iya ɗaure tsirkiyar bakansa. An ce idan ya jingina da itace, nama yakan zo ya sosa jiki a kafaɗarsa bai san da mutum ba. Makaɗa suna yi masa kirari suna cewa:

Ranau na Gwamma, kibiya ɗaya ba ƙari,
Mai kwana a sawun ɓauna,
Daji ya san ka, gida na cigiyarka.

Gwamma ita ce matarsa, ita kaɗai kuwa har ya mutu. Suna zaune su biyu a wani wuri gabas da nan, tafiyar rabin yini, inda muke kira Tsohon Zango. A can Gwamma ta haifi 'ya'ya biyar, a can ta binne biyar. Ba wanda ya kai yaye. A bayan bukkarsu akwai wata giginya mace mai yawan 'ya'ya, a gindinta aka jera su, ɗaya gefen ɗaya. Na farin, tun yana raye kunya ba ta bar ta ta kira sunansa ba, da ya mutu kuma baƙin ciki ya hana ta. Har yau ba mu san sunan yaron nan ba.

Ta shida mace ce. Tsofaffi suka ɗauke ta suka ɗora a kan juji na ɗan lokaci, suka yi mata 'yar tsaga a kunne, suka sa mata suna Ayashe, wai don mutuwa ta ɗauka ba a son ta, ta wuce. Kada ki yi musu dariya. Ba su san Hanya ba tukuna, bishara ba ta iso su ba, amma Allah ya san su.

Ayashe tana wata uku Ranau ya harbi wani gwanki, kibiyar ta kauce ta same shi a cinya. Bai taɓa kuskure ba sai ran nan. Ya bi jini kwana biyu, gwankin yana ta kewaya da shi, har ya tarar da shi durƙushe a gindin dutsen nan na bayan makaranta, yana tonon ƙasa da kofato, ruwa yana ɓuɓɓugowa fari tas. Gwankin ya ɗago kai ya dube shi, hawaye na bin fuskarsa. Ranau ya sauke baka, ya je ya zare masa kibiyar, suka sha ruwan tare. Shi ya sa har gobe jikokin Ranau ba ma cin gwanki.

Da ya koma gida ya ce, "Gwamma, ɗaure kayanki. Ƙasar nan ta ci biyar, ba za ta ci ta shida ba."

Gwamma ta dubi giginya ta ce, "Su fa?"

Ya ce, "Su sun riga sun kwanta."

 Ta goya Ayashe, ta ɗauki ƙwaryarta, ta bi shi tana waiwaye har giginyar ta ɓace mata.

Haka aka kafa garin nan. Maharba suka biyo shi, manoma suka biyo maharba, maƙeri ya zo, masaƙi ya zo, kafin shekara goma an yi gida arba'in. Ayashe kuwa ta zauna. Ta yi haƙori, ta yi tafiya, ta tashi da tsiwa da dariya. Ita kaɗai ce a duniya take iya ce wa Ranau ya tsufa, ya yi murmushi.

Tana shekara goma sha uku agana ta shigo gari, ta kama ta. Mutane suka watse gonaki, ba mai leƙa gidan. A ranakun nan ne wani baƙo ya sauka, Malam Barnaba, mai yawon bishara, da jaki ɗaya da akwatin magani da Littafi. Fuskarsa duk zanzana ce, ya riga ya sha tasa, don haka bai ji tsoro ba. Kwana tara ya yi a bakin tabarmar yarinyar, yana shafa mata mai, yana ɗiga mata ruwa a baki, yana addu'a. Rana ta goma Ayashe ta buɗe ido ta ce tana son kunu, kuma a sa tsamiya da yawa.

Ranau ya kira baƙon gefe ya ce, "Me Allahnka yake so? Baƙin bunsuru ko fari?"

Malam Barnaba ya ce, "Baba, ai ba ya cin akuya."

"To ina yake kwana?"

"Ba ya barci. Amma akan gina masa ɗaki, mutane su taru su gode masa."

Ranau ya ce, "Zan gina masa ɗakin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. Shi dai ya riƙe mini yarinyar nan."

To, a tsakiyar Littafin Malam Barnaba akwai wani hoto da wani Bature ya ba shi, na majami'ar ƙauyensu a can Ingila. Tsohuwa ce ƙwarai, ta dutse, da hasumiya mai kusurwa huɗu a gefen yamma, da tagogi dogaye masu tsini a sama. Ranau ya juya hoton sama da ƙasa ya ce irin wannan yake so. Gwamma kuwa ba ginin ta duba ba. Ta ɗora yatsa a kan wasu duwatsu da suke tsaitsaye a cikin ciyawa kewaye da ginin, ta ce, "Malam, waɗannan fa?"

Ya ce, "Kaburbura ne, Inna. Mai hoton ya ce a garinsu matattu kewaye da ɗakin Allah suke kwance. Ya ce ƙananan nan na jikin bango na jarirai ne, akan sa su a nan don ruwan da ya sauko daga rufi ya riƙa ɗiga a kansu."

Gwamma ta daɗe tana kallo. Ta miƙa masa hotonsa, ta shiga ɗaki.

Ba wanda ya iya irin wannan gini a ƙauye, sai Ranau ya aika birni aka zo da wani magini Musulmi, Hambali, gajere mai faɗin ƙirji da yawan ba'a. Hambali ya karɓi hoton ya dube shi ya ce, "Bamaguje, wannan fa dutse ne. Kana da dutse sassaƙaƙƙe?"

"Ina da ƙasa."

"Dubi tagoginsu kamar ƙofar gari. Mutanen nan ba su san rana ba. In na yi maka haka, kafin azahar ku da Malaminku kun dahu."

"Ɗan birni, in ba ka iya ba ka faɗa, a ba ka fura ka koma."

Hambali ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Daga ranar suka zama abokan wasa, kullum suna tsokanar juna.

Rani biyu aka yi ana aikin. Duk abin da kike gani yau, ban da wurin giginyar, hannun Hambali ne. Ki auna da ƙafarki, tsawon majami'ar taki talatin da biyu, faɗinta goma sha ɗaya. Kaurin bango a ƙasa ya kai kamu uku, yana sirancewa yana hawa, tubali kan tubali, duk mata ne suka ɗebo ruwan kwaɓinsa daga idon ruwan gwanki. Tagogin ya yi musu tsini a sama kamar na hoto, amma ya matse su, faɗin tafin hannu biyu, shi ya sa ko da bazara cikinta sanyi kamar randa. Hasumiyar ya yi ta gajeruwa, ya ce ƙasa ba ta son girman kai, ya kafa mata zanko a kusurwa huɗu, aka rataya tsohuwar garma a ciki ana bugawa a maimakon ƙararrawa. Aka shafe bango da makuba har yana ƙyalli, mata suka yi daɓe suna waƙa. Da aka zo sa alama a bisa ƙofa, Hambali ya wanke hannunsa ya ce, "Ni gini na sani. Alamar addininku ku sa da hannunku." Ranau ya zaro kibiya biyu ya gicciya su, ya danna cikin ɗanyen yaɓe. Ki ɗaga kai ran Lahadi, za ki ga har gurbin bakin kibiyar.

Abin da ya fi wuya shi ne rufi. Ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, ɗaurin guga huɗu ne suke riƙe da shi, wato ginin nan da yake tasowa daga bango biyu ya lanƙwaso ya haɗu a sama. Ƙasa ce a waje, amma ƙashin cikinsa azara ce, ana ɗaure ta kan ta, ana turowa gaba kaɗan kaɗan har hannu biyu su gamu. A kan azara Hambali ba ya wasa. Ya tara masu sara ya ce musu, "Namijin giginya nake so. Shi ba ya 'ya'ya, ƙarfinsa duk a jikinsa ya tsaya. Macen ta riga ta ba 'ya'yanta nata, cikinta taushi ne, gara na son ta. Wanda ya kawo mini mace, a kansa zan karya ta." Kowace azara aka kawo sai ya buga ta da bayan gatari ya kasa kunne. Namiji yakan amsa ƙau. Mace takan ce dum, ya jefar.

An gama ɗauri uku, saura na huɗu, na can baya wajen da mata za su zauna. Wata safiya Gwamma ta kawo wa Ranau kunu, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

Ta ce, "Maigida, mu za mu shiga ɗakin Allah mu zauna a inuwa, su suna daji."

Ya ce, "Ba a tone kabari, Gwamma. Kuma shekara nawa yau? Me za a samu na jariri?"

Ta ce, "Na sani. Amma giginyar nan su ta sha. Duk abin da ya rage nasu yana jikinta. Guda biyar kawai nake roƙo, kowa ɗaya. A sa su a inda zan zauna."

"Mace ce."

"Na san mace ce."

Bilhatu, matar nan shekara talatin tana aurensa ba ta taɓa roƙonsa ko zane ba. Ranau ya san itace fiye da Hambali, a daji ya tsufa. Amma ya yi lissafi a ransa ya ce azara biyar a cikin ɗaruruwa me za su yi, maƙwabtansu za su ɗauke musu nauyi. Ya ɗauki gatari da jaki ya tafi Tsohon Zango shi kaɗai. Ya sare giginyar, ya tsaga biyar daga inda ya fi tauri, ya binne su a laka bakin rafi wata guda har suka yi baƙi kamar na namiji. Ya kuma kawo wa Gwamma ƙwallo ɗaya daga 'ya'yan da ya tarar a ƙasa, ta ɓoye a cikin tukunyarta.

Ranar da ya kawo su wurin gini, Hambali ya ɗauko gatari zai buga, sai ya ga wanda ya ɗauko su a kafaɗa. Ya ajiye gatarin. Ya ce, "Haba, mai gari da kansa? Abin da ka kawo da hannunka ba zan buga shi a gaban yara ba. Tunda kuwa naka ne, su za su ɗaure kan ɗaurin, a can ƙoli inda hannu biyu suke gamuwa."

Ƙolin nan shi ne yake ɗauke da komai. Ranau ya sani. Ya buɗe baki, ya ga masu aiki sun kewaye shi suna yi masa kirari, ya hango Gwamma daga nesa da tulu a ka ta tsaya tana kallo. Ya rufe bakinsa. Hambali ya ji nauyin bugawa, Ranau ya ji nauyin faɗa. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Aka buɗe majami'a da kaka. Ranau da Gwamma da Ayashe ne na farko da aka yi wa baftisma a idon ruwan gwanki. Hambali ya ƙi shiga, ya zauna a waje ya ci naman biki, ya ce in ginin nan ya faɗi kafin jikan jikansa ya yi furfura a zo a tone shi a tambaye shi. Ya hau jakinsa ya koma birni.

Shekara shida Gwamma ta yi cikin farin cikin da ba ta taɓa sani ba. Kowace Lahadi ita ce ta farkon zuwa, ta shimfiɗa 'yar tabarmarta daidai ƙarƙashin ƙolin ɗauri na huɗu. Ana waƙa tana ɗaga kai sama, mutane suna cewa tsohuwar nan ta fi kowa ibada. Ayashe ta yi aure a cikin gari, a shekara ta shida ta haifi 'ya mace.

A wannan shekarar ne Gwamma ta fara tarar da wani ɗan gari mai laushi a wurin zamanta, kamar an barbaɗa garin gero. Da maginin ne ya gani, ko Ranau, da sun san gara ce ta cinye ciki ta bar ɓawo. Ita kuwa ta ɗauka 'ya'yanta ne suke gaishe ta. Takan riga kowa zuwa, ta tattara shi a tafin hannu, ta ƙulle a bakin zane. Ba ta gaya wa kowa ba, tana tsoron kada Malam ya ce tsafi ne.

Damina ta bakwai aka yi marka kwana uku ba rana, rufi ya sha ruwa ya yi nauyi. Ran Asabar layin Gwamma ne na shara, amma sanyi ya riƙe mata gwiwa. Ayashe ta shigo gaishe ta da goyo a baya, ta ƙwace tsintsiyar ta ce, "Inna, zauna. Ke da kike tafiya kamar agwagwa, kafin ki isa an yi Lahadi an tashi." Gwamma ta yi dariya ta ce, "Ja can, mara kunya." Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Ayashe ta gama shara bayan azahar, ruwa ya sake saukowa. Yarinya ta fara kuka, sai ta kwance goyo ta zauna a wurin uwarta tana ba ta nono. Waɗanda suke kusa sun ce ba a ji wata babbar ƙara ba, kamar dai an karya kara. Sai ƙasa ta girgiza, ɗauri na huɗu ya rufto.

Da hannu Ranau ya yi tonon, har faratansa suka fita. Suka same ta a durƙushe, ta dafa ƙasa da gwiwa da gwiwar hannu, bayanta ya karɓi komai. A ƙarƙashinta jaririyar tana nan da rai, ko ƙwarzane babu. Daga ranar aka koma kiran yarinyar Haƙuri. Ita ce kakata, wadda ta haifi uwata.

Rana ta huɗu Hambali ya iso, wani falke ya kai masa labari. Bai gai da kowa ba, ya wuce cikin ɓaraguzai, ya zaro guntun azara ya murza a hannu, ya zama gari. Ya zaro na biyu, na uku, har biyar. Duk gari ya taru. Ranau ya miƙe ya ce, "Jama'a, azaran nan..."

Hambali ya katse shi da ƙarfi ya ce, "Ni na gina. Ni ne ban buga ba. Wanda yake da magana ya yi da ni."

Aka yi masa ca. Mijin Ayashe sai da aka riƙe shi. Wata tsohuwa ta tofa masa yawu a riga, bai goge ba.

Da yamma ya sami Ranau a bayan gida. Gwamma tana kwance a bayan zana, ba su san tana ji ba. Hambali ya ce, "Guda biyar na ƙirga. Na kuma taɓa jin labarin Tsohon Zango. Ka rufe bakinka, Bamaguje. Kai za ka iya ɗaukar idon mutane, ita ba za ta iya ba, ga kuma jinjira tana bukatar mai goya ta."

Ranau ya ce, "Sunanka zai ɓaci, ɗan birni."

Ya ce, "Ai ba ƙarya na yi ba. Ban buga ba."

Sunansa kuwa ya ɓaci. Ba wanda ya sake kiransa gini a duk yankin nan. Ke ma na sha jin ki, in tukunya ta fashe a wuta ko ɗinki ya warware, kina cewa aikin Hambali. Ba laifinki ba ne, haka kika tarar ana faɗa. Ni dai ban taɓa faɗa ba, kuma ba na tashi daga addu'a ban ambace shi ba.

Kafin Hambali ya tafi ya ce zai maida rufin, Ranau ya ce a'a. Aka ja bango aka tsare ɗauri na uku, aka bar na huɗu a buɗe yana kallon sama, aka bar 'yar ƙofa tsakani. A nan aka binne Ayashe, a wurin da ta durƙusa, aka juyo da bakin indararo ta wajen don ruwan rufi ya riƙa zuba a kanta. Ita ce ta farko da aka binne a jikin majami'a. Tun daga ita, duk jaririn da ya koma a garin nan a gindin bango ake sa shi. Nawa ma yana can, ta gefen arewa, ke kika riƙe ni ranar.

Ranau ya tsinke tsirkiyar bakansa ya rataye shi a hasumiya, bai sake shiga daji ba. Mutane sun zaci zai bar Hanya, tunda yarinyar da ya roƙa a riƙe masa ba a riƙe ba. Bai bari ba. Malam Barnaba ya je yi masa ta'aziyya, Ranau ya ce masa, "Malam, Allah ya riƙe ta shekara tara bayan agana. Ba hannunsa ba ne ya saki."  Ranau ne ya kafa dokar da muke bi har yau: kowace shekara kafin ruwan fari a bi azarar majami'a ɗaya bayan ɗaya a buga da bayan gatari, kuma duk azarar da za ta shiga gini a garin nan sai an buga ta a gaban wanda ya kawo, ko mai gari ne, ko Fasto, ko uban mutum. Da kansa yake yi har idonsa ya mutu, bayan nan ma ana jan sa da sanda yana kasa kunne. Shekara takwas ya ƙara a duniya. Kakata ta ce bai taɓa ce wa Gwamma ke kika sa ba, ita ma ba ta taɓa ce masa don me ka yarda ba. Suna cin tuwo a ƙwarya ɗaya, ba mai duban idon wani.

Damina ta gaba aka ga tsiron giginya a kan kabarin Ayashe. Gari ya ɗauka abin al'ajabi ne, har yau haka ake gaya wa baƙi, wai da kanta ta fito. Gwamma ce ta binne ƙwallon nan na cikin tukunya. Ta goyi Haƙuri ta yaye ta da kunu da nonon akuya, ta aurar da ita, tana ban ruwa ga tsiron kowane rani. Giginya ba ta nuna ko mace ce ko namiji sai ta girma ƙwarai, don haka Gwamma ta mutu ba ta sani ba. Ana saura kwana biyu ta cika ta kira Haƙuri ta gaya mata komai, ta kwance bakin zanenta ta ba ta wani ɗan ƙulli na tsumma. Ta ce, "Ban faɗa miki don ki yafe mini ba. Na faɗa don a sami mutum ɗaya da ya san maginin nan ba shi da laifi."

Shekarar da aka haifi uwata giginyar ta yi 'ya'yan fari. Mace ce. Yanzu ta fi hasumiya tsawo sau biyu, daga hanyar mota ita ake fara hangowa kafin gari. Kin ga yadda yaran garin nan suke rububin 'ya'yanta in sun faɗo, suna tsotsa har haɓarsu ta yi ja. Ba wanda ya san abin da yake sha. Ni in na gan su sai in ga yara shida sun sami abokan wasa.

Kakata ta gaya wa uwata, uwata ta gaya mini, ƙullin tsumman yana cikin akwatina ƙarƙashin Littafi. Ni 'ya'yana da suka rayu duk maza ne, kuma babbansu ne ya fara kawo maganar kwano. Ban ga laifinsa ba, yaɓe kowace shekara wahala ne, 'ya'yan giginya kuwa za su lotsa kwano. Ran Lahadi za a ɗaga hannu. Ina roƙon ki ki ɗaga naki tare da nawa, ki ja matan zumunta. A buga kwanon a kan ɗauri uku, a bar na huɗu yadda Ranau ya bar shi. In an tambaye ki dalili ki ce saboda inuwa, ki ce saboda yara.

Amma abin da na rubuta a nan, Bilhatu, don girman Allah kada ki gaya wa kowa, ko mijinki, ko Fasto. Maginin nan ya ba da sunansa don a rufa wa wata uwa asiri, ba ni ce zan yaye abin da ya rufa ba. In kin karanta ki sa takardar a murhu. Ya isa a ce mu biyu ne muka sani, in ana waƙa kika ga na ɗaga kai ta wajen 'yar ƙofar nan, ki ƙyale ni.